Tulunan Masaukin Bakin Tafki

Tun da aka ajiye bindigogi a ƙasar Dalwaza, Hajiya Sabuwa ba ta da zance sai na tafiya. Ba dangi za ta je gani ba, yaƙin basasa bai rage mata kowa ba. Kabarin mijinta Ja'afaru take so ta tsaya a kai, ta nuna wa 'yarta Inaya. Da cikin yarinyar ta gudo, ta haife ta a Manchester, ga shi har ta zama ma'aikaciyar jinya ba ta san uba ba sai a hoto.

"Umma, ki bari mu ga yadda zaɓen zai kaya," in ji Inaya. "An ɗage, an kuma ɗagewa. Kuma likitanki, GP, ya ce jininki ya hau."

"GP ɗin ne ya binne shi ko ni?"

To ka ji. Hajiya in ta kafe, sai dai a bi ta da lallashi. Da Inaya ta ji ana baje kolin yawon buɗe ido a Birmingham, har Dalwaza ta kafa rumfa, sai ta ce su je ko Umma ta rage zafi.

Suka bar gidansu na unguwar Whalley Range da yayyafi. A jirgin ƙasa Hajiya ta jingina kai da taga. Tumaki suna wucewa a kan koren fili, hazo yana haɗiye su, ita kuwa tafkin garinsu Kwarmi take gani, da kwalekwale suna dawowa da hantsi, da ƙamshin kifin da ake bandawa. Ba barci take ba, ba kuma idonta biyu ba, har aka iso.

Mai kula da rumfar wani Gimba ne, mutum mai fara'a da kwat mai sheƙi. A Turai ya tashi, bayan yaƙi ya koma gida aka ba shi aiki a ma'aikatar yawon buɗe ido. Ya durƙusa ya gaida Hajiya da Hausarsa mai tsami.

"Lafiya lau ƙasa take yanzu, Mama, sai dai baƙi."

Wayarsa na ta ruri a kan tebur. Inaya ta hango labarin sojoji sun tare hanyar filin jirgi, shi kuwa ya kife wayar yana murmushi. Da ya ji Hajiya 'yar Kwarmi ce, sai ya ɗauko wani tabarau mai kauri, irin wanda in ka saka za ka ga kanka a tsakiyar wuri.

"Sabon masaukinmu ne na bakin tafki. Wani tsohon gida muka gyara."

Aka ɗaura mata. Hayaniyar wurin baje kolin ta yi nisa. Ga ruwa shimfiɗe har ƙarshen gani, rana tana wasa a kai. Ga zaure mai ƙofa biyu, ga giginyar nan da ta karkace wajen gabas. Gidan surukanta ne, wallahi shi ne. Hajiya ta tuɓe takalmi a tsakiyar Turawa, ta yi sallama a hankali, ta ji daɗin da ta manta akwai irinsa.

Sai hoton ya kai ta tsakar gida. Ciyawa aka shuka, an aske ta sumul, da kujerun shan iska nan da can. A jikin katanga kuwa an jera fasassun tuluna, kowanne an cika shi da ƙasa an dasa fure.

Lokacin da aka yi wa Kwarmi ƙawanya, ba mai iya kaiwa maƙabarta. Tsakar gidan nan mai faɗi ce, don haka duk unguwa a nan ake binnewa. In an gama, sai a fasa tulun da aka ɗebo ruwan wankan mamacin, a kife gindinsa wajen kai. Babu allo, babu suna, kowace mace dai ta san tulunta. Nata ga shi can kusa da ƙofa, mai shuɗin fenti a gindi, jan fure ya yi kyau a ciki.

"Ɗan nan," ta ce, ba ta cire tabarau ba, "a ina kuka samo tulunan can?"

"Ai a warwatse muka tarar da su a fili, Mama. Ni na ce a tsince su a jera. Baƙi suna son su ƙwarai, kowa sai ya ɗau hoto."

"Kun sa wata alama a inda kuka ɗauke su?"

Gimba ya dubi Inaya, Inaya ta dube shi. Babu wanda ya gane tambayar a cikinsu.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata Inaya. Baƙin ciki ne ya cika ta har ba wurin masifa. Ta juya kai a hankali, tana neman giginya, tana neman bakin rijiya don ta auna da ido, amma an toshe rijiyar, ciyawa kuma ko'ina iri ɗaya ce. Ta ɗaga ƙafa za ta matsa, ƙafar ta tsaya a sama.

"Umma, lafiya? Na cire miki?"

"A'a, riƙe ni dai," in ji Hajiya. "Babanki yana nan ƙasa, ban san inda zan taka ba."