Ɓeran Naja'atu

Inna Marka ta fi shekara arba'in tana yaƙi da ɓeraye. A unguwarsu da ke bayan kasuwar Bukkuyum, duk macen da ta ga ɓarna a rumbu ko a gindin buhun wake, wajen Marka take zuwa. Ita ce ke duban rami ta ce wannan ana kwana a ciki, wancan an daɗe da barinsa. Tana da tarko uku na ƙarfe, da wata baƙar kyanwa mai ido ɗaya da take ba kan kifi duk ranar kasuwa. Ko sunan ɓera aka ambata tana cin abinci, sai ta tsame hannu.

Ranar wata Talata cikin bazara, 'yarta Naja'atu ta sauka daga kan kabu-kabu rungume da wani abu da ta lulluɓe da tawul. Naja'atu ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a garin. Wata tara ke nan da mijinta Murtala ya rasu a hatsarin mota a hanyar Anka. Da ta fita takaba ta dawo gidan uwarta, ta koma aiki, amma magana ta ƙare mata. Gaisuwa ce kawai, sai ta shige ɗaki.

Ta ajiye abin a kan tabarma ta yaye tawul. Keji ne sabo, ƙasansa roba, samansa waya. A lungu guda wata 'yar halitta mai launin ƙasa-ƙasa ta dunƙule, hancinta yana motsi ba tsayawa.

Marka ta ja da baya har ta taka sakainar kaji.

"Mi na wanga?"

"Hamsta ake ce mata, Inna. Shamsiyya ce ta ba ni, wadda muka yi makaranta tare a Gusau. Kiwonsu take yi."

"Ɓera na."

"Ba ɓera ba ce. Duba ki gani, ko bindi ba ta da shi."

"To, an yanke mata. Ke da bara kinka liƙa min takarda mai hoton ɓera a ƙofar madafa, kina ta wa'azin zazzaɓin Lassa, yau ke ce kinka ɗauko shi da hannunki har da tawul?"

"Wannan a keji aka haife ta, Inna. Ba ta san bola ba, ba ta san rami ba."

Marka ta buɗe baki za ta ce a fitar mata da shi daga gida, sai ta ga yadda Naja'atu ta durƙusa tana gyara wata 'yar kwalbar ruwa mai bututu a jikin wayar, tana yi wa abin magana ƙasa-ƙasa. Ta tofar da yawu gefe, ta koma ga turminta. Da magariba Naja'atu ta cinye tuwonta tas, har ta ƙara miya.

Washegari aka kira Naja'atu a waya cewa sunanta ya fito a wata bita ta kwana huɗu a Gummi, kuma ranar za a fara. Tana haɗa kaya tana jera wa uwarta sharuɗɗa. Kada a taɓa ta da hannu sai ta saba da wurin. Kada a bar kejin a rana. A zuba mata gero cokali ɗaya da ɗan karas, a duba ruwa, a kwashe garin katakon da ya jiƙe a lungun da take fitsari.

"Ni zan kwashe fitsarin ɓera?"

"Da cokali ne, Inna. Don Allah. Kwana ukun farko su ne masu wuya. In ba ta saba ba, Shamsiyya ta ce mutuwa suke yi."

Haka aka bar Marka da kejin a ɗakin Naja'atu, ɗakin kwano mai taga ɗaya. Aikinta na farko shi ne ta kama kyanwarta, wadda tun jiya take zaune a bakin ƙofa tana lasar baki, ta kulle ta a madafa. Kyanwar ta yi ta kuka kamar an zalunce ta, kuma a ran Marka an zalunce ta ɗin.

Ta samo wani tsohon cokali, ta ɗaura masa kara don ya yi tsawo, ta naɗe hancinta da gefen ɗankwali. Zarnin ba mai yawa ba ne, amma ta san shi. Shi ne warin da ke tarbar ta duk lokacin da ta buɗe rumbun da aka shiga. Ta zuba geron ta tsakanin waya, geron da ta sussuka da hannunta, ta sheƙe, ta kare daga irin wannan bakin tun kaka. Halittar ta matso, ta zauna a kan ƙafafun baya, ta ɗauki ƙwaya da hannaye biyu masu yatsu ja-ja kamar na jinjiri. Ba ta ci ba. Cusawa take yi a kumatu, tana cusawa, har kanta ya ninka girmansa, fuskar ta koma kamar ta yaron da hangum ya kama. Sannan ta je lungu ta sa hannu ta matso shi duka, jiƙe da yawu.

Marka ta fita da sauri ta tsaya a gindin darbejiya tana yunƙurin amai. Ta wanke hannunta da sabulu har gwiwar hannu, ko da yake ba ta taɓa komai ba.

Ranar Alhamis da safe ta tarar da kejin a hargitse. An tone garin katakon an tara shi gefe guda, an kifar da kwanon abinci, karas yana nan ba a taɓa ba. Halittar tana maƙale a jikin waya tana gurgurar ƙarfe, sautin yana shiga har cikin haƙoran Marka. Akwai 'yar tayar roba da aka ce a ciki take gudu, amma ko kallonta ba ta yi. Ta sauko, ta zaga, ta hau, ta ci gaba da gurgura. Gefen bakinta ya fara ja.

Da rana ta take, kwanon ɗakin ya ɗau zafi. Marka ta leƙa ta same ta shimfiɗe a kan ciki, ƙafafu a warwatse, tana numfashi sama-sama.

A daidai lokacin Uwani maƙwabciyarta ta yi sallama, ta zo aron tarko. Ta biyo Marka har ƙofar ɗaki, ta leƙa, ta kama haɓa.

"Marka, ashe gaskiya ne. An ce min kina renon ɓera na ce ƙarya ne."

"Na Naja'atu na. Amana ce."

"Amanar ɓera?" Uwani ta yi dariya ta rage murya. "Ai ga shi nan ma ya kusa. Ki buɗe wa kyanwa madafa, ki je ki yi sallarki. In ta dawo ki ce zafi ne. Wa zai tuhume ki?"

Bayan ta tafi da tarkon, Marka ta je ta tsaya a ƙofar madafa, hannunta a kan sakata. Shawarar ba ta yi mata muni ba ko kaɗan. Ta daɗe a tsaye tana jin kyanwar tana karce ƙofa daga ciki. Abin da ya hana ta bai wuce kwanon tuwon nan na ranar Talata ba, da ta ɗauka ta ga babu ko loma a ciki. Ta saki sakatar, ta yi tsaki.

Ta koma ta tsuguna nesa da kejin, ta dubi abin kamar yadda take duban ɓarna a rumbu. Duk abin da Naja'atu ta faɗa an yi, ga abinci, ga ruwa, ga taya. Amma wane ɓera ne ke kwana a fili, ido na kallonsa ta kowace kusurwa? Ɓera duhu yake so, da abin da zai taɓa bayansa ta sama da gefe, da ƙasa mai sanyi. Inda ta fi kama su a gidan nan shi ne bayan randa, a tsohon ɗakin ƙasa da take kwana, inda ruwa ke tsattsafowa. Wuri mafi sanyi a gidan ke nan, kuma taku uku ne tsakaninsa da gadonta.

Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da Shamsiyya."

Ta sa tsumma ta kama hannun kejin, ta miƙe hannunta iya tsawonsa, ta ratsa tsakar gida da shi fuskarta a kauce. Ta ajiye shi bayan randa. Ta ɗauke dardumar sallarta da carbi ta rataye su can a ƙusar bango ɗaya. A bayan gida ta samo wuyan wani fasasshen tulu, ta wanke, ta goge bakin da dutse don kada ya yanke ta. Ta ɗebo ƙaiƙayin gero busasshe da yashi mai laushi. Sai ga matsala: cokali mai kara ba zai iya shigar da wuyan tulu ba. Dole ta buɗe ƙofar kejin ta sa hannu.

Ta sa leda biyu a hannun, ta yi bisimilla, ta tura shi ciki. Tana cikin daidaita tsingaron a lungu sai ta ji wani abu mai ɗumi ya hau bayan hannunta, 'yan farata suna kama ledar, gashin baki yana shafar wuyan hannunta inda ledar ta ƙare. Tsikar jikinta ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ba ta fizge ba, don ta san in ta fizge abin zai biyo hannun ya faɗo mata a zane. Ta ɗauke numfashi har ya gama shinshina ya sauka. Ya zaga tsingaron sau biyu, ya cusa kai, ya shige.

Ta rufe kejin, ta yafa masa tsohon zane ta bar gefe ɗaya, ta ƙona ledojin, ta yi wanka.

Da la'asar Naja'atu ta kira.

"Inna, yaya take?"

"Tana nan ba ta mutu ba."

"Tana ci?"

"Tana sata dai. Ba ta ci a gaban mutane."

Ranar Juma'a ba a ji gurgurar ƙarfe ba. Ƙaiƙayin duk an janye shi cikin tulu, an toshe bakin, an cinye karas. Kashin ma wuri guda aka tara, a kan yashi, abin da ya sa aikin cokali ya yi sauƙi. Marka ba ta ga halittar ba duk yinin, kuma hakan ya yi mata daidai.

Asabar da hantsi, ta zo zuba gero, sai ta ji wani siririn sauti daga cikin tulun, kamar ana murza sabon takalmin roba. Ta san sautin. Ta sha jin sa a ƙarƙashin buhuna kafin ta ɗaga ta sa tabarya. Ta ɗauko tocila ta haska ta gefen da tulun ya tsage. Wasu abubuwa ne jajaye, tsirara, babu gashi babu ido, kowanne bai kai ɗan yatsanta ba, suna mutsu-mutsu a kan juna kamar yankakken nama da ya ƙi mutuwa. Fatarsu har ana ganin abin da ke ciki. Ta ƙirga shida, ta fita da gudu. Wannan karon ba ta kai gindin darbejiya ba.

Da ta wanke baki ta zauna a bakin ƙofa. Ashe da ciki aka kawo ta, shi ya sa take neman rami kamar za ta haukace. Ranar Marka ta sa tsoka uku a miya, amma da ta buɗe tukunya ta gan su sai ta juye wa kyanwa.

Naja'atu ta iso bayan azahar, ƙura har gira. Ta leƙa ɗakinta ba ta ga keji ba, ta fito da sauri.

"Inna, ina take?"

"Tana ɗakina. Ta haihu."

Naja'atu ta tsaya da jaka a kafaɗa. Sannan ta jefar da jakar ta shiga, ta durƙusa bayan randa, ta kai hannu za ta buɗe kejin. Marka ta buge hannun.

"Kada ki taɓa. In ta ji warin mutum a jikinsu, cinye su za ta yi. Na sha gani da idona, daga kai suke farawa."

"To in ɗan gani mana."

"Ta tsagar nan, da tocila, sau ɗaya. Kuma ba a motsa kejin daga nan sai sun yi gashi sun buɗe ido. Mako biyu ko fiye. Ki dafa ƙwai ki ba ta ɗan farin, mai jego ce. Kada ki yi min amfani da tukunyata."

Naja'atu ta haska ta daɗe tana kallo. Ta ɗago ta dubi uwarta.

"A ina kika san duk wannan, Inna?"

"Wajen kashe su."

Marka ta naɗe katifarta, ta ɗora filo da rediyo a kai, ta sauke darduma daga ƙusa.

"Ina za ki da kaya?"

"Ɗakinki. Ke ki zauna nan da su."

"Inna, ɗakin can da zafi kamar tanda. Ba za ki iya ba."

"Zan iya. Ranar da sunka yi gashi kuma, ki kira Shamsiyya ta aiko a kwashe shidan nan. Uwar kaɗai na yarda da ita, ita ma don ke."

Ta ɗora katifar a ka ta ratsa tsakar gida. A ƙofar ɗakin kwanon ta tsaya, ta shinshina, ta sauke kayan a waje. Ta koma ta ɗebo ruwa a bokiti, ta zuba omo, ta ɗauko tsintsiya ta fara wanke daɓen tun daga lungun da kejin ya kwana biyu.