Mangwaro Bakwai a Gonar Aro

Rufa'i ya zo Ƙofa wajen shekarar alif ɗari tara da hamsin da uku, bayansa a sanƙare. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana hawa dalar gyaɗa a Kano da buhu a ka, har ƙugu ya ce ya gaji. Mahaifiyarsa 'yar garinmu ce, amma ta daɗe da rasuwa, gonar da ta gada kuma tuni 'yan'uwanta suka narkar da ita cikin tasu. Ya zo da matarsa Furera, da 'ya'ya biyu, da fartanya sabuwa fil wadda ko riƙe ta bai iya ba.

Ni ne Sale, maƙwabcinsa a gona. Ni na raka shi wurin Baba Ubale, dattijon da ya fi kowa fili a unguwarmu, muka durƙusa muka yi gaisuwa. Tsohon ya ba shi aron wata gona da ke jikin tawa, a kan duk kaka zai kai masa dami biyu na dawa, don kada a manta mai ita. Rufa'i ya tambayi shekara nawa.

"Noma har ka gaji, ɗana," in ji Baba Ubale.

Ya faɗi haka ne don ya san abin da ya bayar. Fako ce, ƙasa kamar daɓen ɗaki. Ruwa ya sauka ya gangare bai ko leƙa ciki ba, inda ya ɗan tsaya kuma ciyawar wuta-wuta mai kashe dawa ta riga kowa zuwa. Daminar farko dami shida Rufa'i ya ɗaure, ya kai biyu. Mun yi masa dariya sosai, har da ni. Muka ce ɗan birni zai koma inda ya fito kafin azumi.

Bai koma ba. Da rani ya yi sai ya sami Isa, wani Bafulatani da ke zuwa da shanunsa daga wajen Burumburum, ya roƙe shi ya sauka a gonar shanu su riƙa kwana. Abincin makiyayan daga ɗan abin da ya rage a rumbunsa ya fito, gidansa suka koma ci sau ɗaya a wuni. Furera ta riƙa jidar toka da shara a kwando tana kaiwa. Shi kuma ya ari diga, ya bi fakon nan taku-taku yana fasawa, in ya sara goma sai ya dafe ƙugu ya tsaya. Damina ta biyu dami ashirin da uku ya samu. A nan dariyata ta ɗauke. Baki tara nake ciyarwa, tawa gonar kuma ta gaji, kullum ja da baya take.

Bayan girbi na same shi wata safiya a gefen gonar yana haƙa ramuka. Ƙwallayen mangwaro ne ya tsirar a fasassun tukwane a bayan ɗakinsa, guda bakwai, kowanne da ganye jajaye.

"Malam Sale, dubi," ya ce, yana murmushi. "Yaran nan su sami inuwa da abin lasa. Baba Ubale ma zai ji daɗi, an gyara masa wuri."

Ko yaron da ke korar tsuntsu a Ƙofa ya san ba a dasa itace a gonar aro. Hatsi shekara guda ne, a girbe a tashi. Itace kuwa ya fi mutum daɗewa, wanda ya dasa shi ya ce gonar tasa ce ke nan, ko bai buɗe baki ba. Kalma huɗu daga bakina da ta ishe shi gargaɗi. Na dubi ramukan, na dubi ƙasar nan da ta yi baƙi wuluk da taki, na ce, "Allah ya raya."

Ya ce amin.

Duk ranin nan shi da Furera suna ɗebo ruwa a tulu daga rafi suna ba su. Suka kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Baba Ubale ƙafa ta hana shi zuwa gona, ɗansa Mamman kuma yana can yana fataucin goro, don haka babu wanda ya gani. Na sha gaya wa kaina ba ni na kai ƙara ba. Gaisuwa kawai na yi. Ran wata Juma'a da aka sauko daga masallaci na tsuguna gaban tsohon, na tambayi ƙafa, sannan na ce, "Baba, gonarka ta yi kyau bana, har da mangwaro." Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo.

Kwana uku aka kira Rufa'i gaban dagaci. Bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa, kowace gona a garin an riga an san mai shuka ta.

"Ranka ya daɗe, wallahi ban sani ba," in ji Rufa'i. "Yanzun nan sai in je in tuge su."

Mamman, wanda ya dawo a makon, ya ce, "Ka tuge, mutane sun riga sun gani. Gobe jikanka ya zo ya ce nan kakana ya dasa itace, wa zai ƙaryata shi?"

"To takin fa? Abincin 'ya'yana na ba shanu."

Dagaci ya ce gaskiya ne, a al'ada wanda ya zuba taki ana bar masa gona damina uku ya ci guminsa. Amma wanda ya yi dashe ya zubar da wannan da hannunsa. Sannan ya tambaye shi, "Duk garin nan babu wanda ya hana ka?"

Ina zaune a bayan Rufa'i. Bai waiwayo ba.

"Ban tambayi kowa ba, ranka ya daɗe. Laifina ne."

Da yamma Mamman ya je ya fizge su ɗaya bayan ɗaya ya watsar a hanya. Kashegari Baba Ubale ya aiko a kira ni. Ya ce ba za a bar gona ta kwana ba, ni kuma ɗan gari ne, na san abin da ake yi da wanda ba a yi. Dami huɗu zan riƙa kaiwa. Na yi godiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar da ruwan shuka ya sauka ina cikin gonar da sungumi sai na hango su Rufa'i a hanya, kaya a ka. Riruwai za su, wurin haƙar kuza, da wannan bayan nasa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya sauke kayansa ya ratso ya same ni, muka gaisa kamar kullum.

"Na ji kai aka ba," ya ce. "Na ji daɗi. Gara kai da wani, kai ka ga wahalar da ta ci. Gefen gabas ruwa yana kwanciya, kada ka sa gyaɗa a nan. Can wajen surin kuma ban gama fasawa ba, ka yi haƙuri."

Haƙuri yake ba ni. Na buɗe baki in faɗa masa, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

Furera ba ta shigo ba. Tana tsaye a hanya da ƙaramar 'yar a baya, tana dubana. Na ɗaga murya na gaishe ta, sau biyu. Ba ta amsa ba, ba ta kuma kau da ido ba, har mijinta ya ɗauki kaya suka wuce.

Dami arba'in da ɗaya na ɗaure a kakar nan. Ba zan yi ƙarya ba, mun ci, mun ƙoshi, yarana har suka yi kumatu.