Fim Huɗu a Wata

Ranar Laraba ce, ashirin da tara ga Janairu, dusar ƙanƙara na zuba a garin Duluth na Amurka tun safe. Wendell ya dawo daga wajen wankin motoci ya tarar da mahaifiyarsa Loretta a kan kujera, robar iskar numfashi a hancinta.

"Nemo min fim ɗin da muka fara kallo da marigayi babanka," ta ce. "Mai jirgin ruwan nan."

Ya duba manhajar laburare a wayarsa. Fim ɗin na nan. Sai dai kati ɗaya fim huɗu ake ara da shi a wata, shi kuwa ya cinye nasa a finafinan dambe.

"Sai ran Asabar, Mama, in sabon wata ya shiga."

"To mu jira mana. Ina za ni da wannan robar, gidan rawa?"

Bai yi dariya ba. Likita ya riga ya gaya masa kwanakinta ba su da yawa. Ya ɗauki tsohuwar kwamfutarta ya shige kicin, ya buɗe shafin masu satar finafinai, ya danna wani koren maɓalli. Allon ya daskare. Da allon ya dawo, babu abin da yake buɗuwa.

Ya sa ta cikin jaka ya tafi shagon Gus mai gyara. Gus ya daɗe yana dubawa, sannan ya cire tabarau.

"Kai da ganin kore sai dannawa? Masu kutse sun kulle komai. Kuna da kwafi a wani wuri?"

"Babu."

"To sai haƙuri, ɗana."

A gida ya durƙusa gabanta ya faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta laluba jakarta ta zaro wani katin laburare da ya koɗe.

"Wannan fa? Ni littafi kawai nake ara da shi."

Ya shigar da lambar katin a manhajar. Huɗunta na nan, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Suka kalla a wayarsa, kafaɗa da kafaɗa. Kafin a kai rabi barci ya ɗauke ta. Shi ya zauna yana tuna abin da ke cikin kwamfutar.

Hotuna dubu biyu da ɗari uku. Bidiyo goma sha huɗu. Hotonsa na jariri guda ɗaya tak. Da muryar babansa, minti biyu, yana yi mata waƙa a bakin tafki.