Kaska a Sabon Gida

Da safe maman jaririyar ta lura bangon ɗakin yana motsi. Tela ce, mijinta direban babbar mota, kuma ba su daɗe da tarewa a gidan hayar ba ya yi tafiya. Tana zaune a kan keke tana ɗinke bakin labule, sai ta ga ɗige-ɗigen da ta zaci dattin fenti ne suna hawa sama, daidai kan gadon 'yarta. Ta matsa kusa. Kaska ce, tana fitowa daga tsagar bango.

Ta suri yarinyar, ta tuɓe ta a kan teburin yanka, tana duba hammata da tsakanin yatsu. A cikin ninkin wuya ta sami wata kaska, ta sha jini ta yi tim.

Ihun telar ne ya shigo da ƙanin mijinta wanda ya zo gyara famfo, da wata tsohuwa da ke zaune a ɗakin gaba.

"Anti, kawo ashana," in ji shi. "Da ta ji wuta za ta saki."

"A wuyan jaririya? Kai dai gyara famfonka," tsohuwar ta ce. "Ba wuta, ba kananzir. 'Yata, kina da hantsaki?"

Akwai wanda take zare zare da shi. Ta ɗauko shi.

"Iya, in kan ya karye a ciki fa?"

"Kama ta daf da fata, ki ja a hankali, kar ki murɗa, kar ki matse cikin."

Yarinyar na tsala kuka. Uwar ta kama kaskar da hantsakin ta ja, fatar ta biyo kamar ba za ta saki ba, sannan kaskar ta fito har da kan, ƙafafu na wutsil-wutsil. Suka wanke wurin da sabulu.

Tsohuwar ta ce wanda ya tashi daga gidan, kiwon karnuka yake yi, kuma akwai karyar da ya bari, har yanzu a bayan tankin ruwa take kwana. "Kaska raɓi mai jini ce. In kin kori karyar nan da kaya a jikinta, gobe za ta dawo miki da su."

Suka tafasa ganyen darbejiya da ɓawon lemun tsami a babbar tukunya. Da ruwan zafi suka wanke bango da gado, ƙanin miji ya toshe tsagogin da siminti, ya sassabe ciyawar tsakar gida. Da ruwan ya huce, ya yi wa karyar wanka tana karkarwa, yana cire mata kaskar da ke kunnenta yana jefawa a gwangwani.

Duk da haka hankalin uwar bai kwanta ba. Ta goya 'yarta zuwa asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta duba wuyan, ta ce a dawo da ita nan take in zazzaɓi ko ƙuraje suka fito.

Kwana da kwanaki tana ɗinki, hannu ɗaya a goshin yarinyar. Zazzaɓi bai zo ba. Ranar da mijin ya dawo, ya miƙa hannu zai ɗauki 'yarsa, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ta cikin ciyawa ka biyo? Naɗe ƙafar wandon in gani tukuna."