Motar Baba Ba Ta Ja da Baya

Motar Baba Oronzo ta daina yin ribas tun shekarar da aka yi wa cocin garinmu sabon fenti. Daga shi sai Mama suka sani, sai kuma ni Titina, don tagar ɗakina tana kallon ƙofar gida. Gyaran ba wani abu ba ne mai wuya. Matsalar ita ce bakaniken garin namu yayana ne, Cosimo, kuma ya rantse a gaban kowa cewa duk ranar da motar nan ta sake kawo matsala, 'yan gwangwan ne za su ɗauke ta, Baba kuma ya ajiye tuƙi ke nan. Shi kuwa Baba, a raba shi da mukullinsa daidai yake da a ce ya je ya kwanta ya jira mutuwa. Da ita yake zuwa gonar zaitun, da ita yake zaga dandali da yamma yana yi wa tsofaffi hon.

Sai suka samo dabara. Baba ba ya faka mota sai inda gabansa yake a buɗe. In kuma an yi rashin sa'a an tare shi, Mama Addolorata ta fito kamar mai duba taya, ta waiga dama ta waiga hagu, ta dafa murfin inji ta tura. Yau da gobe har fentin ya goge a wuri biyu. Cosimo ya taɓa tambaya, Baba ya ce kyanwa ce take kwana a wurin.

"Wuri biyu, Baba?"

"Mata da miji ne."

Da bazarar bana Cosimo ya kwashe mu duka zuwa wani babban wurin wasannin yara na bakin tafki a arewa, saboda 'ya'yansa. Baba ya ce shi a motarsa zai je, haka muka biyo su tun daga Lecce, can kudu inda muke, muna tafe kamar masu rakiyar gawa. Muka sauka a Otal ɗin Kwaɗo, inda ma'aikata ke sa koriyar hula mai idanu. Filin ajiye motocinsu fetal yake, Baba har da fito.

Mama ce ta jawo mana. Ta ji labarin wani dodon roba a zauren Otal ɗin Fada, can ɗaya gefen tafkin, wai yana fitar da hayaƙi ta hanci. Ta ce sai ta ɗauki hoto da shi, don maƙwabciyarmu Assunta ta gani ta kasa barci. Akwai ɗan jirgin ƙasa mai siffar tsutsa da ke zaga otal-otal ɗin kyauta, amma Baba ya ce shi da girmansa ba zai shiga cikin tsutsa ba. Har mun tayar da mota sai ga Cosimo ya buɗe ƙofa ya faɗo kusa da ni. Wai matarsa ta tafi da yara hawa lilo, shi kuma jiri yake sa shi. Na ga Mama ta yi alamar gicciye a ɓoye.

A ƙofar Fada muka tarar da mai gadi cikin sulken gwangwani, gumi na tsiyaya daga kwalkwalinsa. Ya leƙo ya ga hoton kwaɗo manne a gilashinmu, ya taɓe baki.

"Mutanen Kwaɗo ne? To, dokar ita ce, baƙin wani otal ba sa ajiye mota a nan sai in abinci suka zo ci. Muddin kuna kan tebur, motarku na da wuri. Kuna tashi, ita ma ta tashi. In ba haka ba, ga janwe can."

Muka duba. Motar janwen ma an yi mata haƙora kamar kada.

"Hoto kawai za mu ɗauka, ɗana," in ji Mama.

"Inna, ko gaisuwar mutuwa kuka zo, sai kun ci abinci."

Baba ya so ya juya, amma ta ina? Motoci sun yi layi a bayanmu. Mai sulke ya yi ta yi masa nuni da takobin roba, zo, zo, ƙara matsowa, har ya cusa mu wani lungu, hancin mota ya kusa sumbatar bango. Baba ya kashe inji.

Kuma don ƙarin masifa, teburin da aka ba mu yana jikin taga, motar tana ƙasa daidai idon Cosimo.

Sai a san wani abu game da Baba. Tunda nake ban taɓa ganin ya yaba girkin da ba na Mama ba. Abincin otal kuwa, cewa yake na marasa uwa ne. Amma ran nan da mai kawo abinci ya zo, wani dogo da aka sa wa wando mai kumburi kamar kabewa, Baba ya karɓi taliya ya cinye tas. Tunaninsa shi ne Cosimo zai gaji ya tafi wajen iyalinsa a cikin tsutsa, mu kuma mu tura motarmu cikin rufin asiri.

"Cosimo, yaran nan ba sa nemanka kuwa?" in ji Mama.

"Suna tare da uwarsu. Ke Mama, dubi Baba fa! Baba, ta yi daɗi?"

"Ba laifi," Baba ya ce, da fuskar mai shan magani. "A ƙaro."

Aka ƙaro. Aka kawo shinkafa mai ruwa-ruwa irin ta mutanen arewa, wadda Baba ya saba cewa ko kaji ba zai ba wa ba. Ya cinye. Aka kawo kifin tafki, aka kawo cuku, aka kawo wata kaza da aka sa wa kambin takarda. Cosimo kuwa murna kamar ya taka rawa. Ya ce rabonsa da ya zauna da ubansa haka ba faɗa har ya manta, don haka yau ba inda za shi. Ni haushi ya ishe ni. Mutum ka yi shekaru kana neman ɗanka ya zauna da kai bai zauna ba, sai ranar da kake roƙon Allah ya tashi.

Na gwada tawa. "Yaya, kamar na ji ana kiran sunanka a lasifika."

"Ki ci abincinki, Titina, kunnenki ne ke ƙara."

Da Cosimo ya tashi zuwa bayi, Mama ta finciko Baba su je su tura motar, suka bar ni gadin tebur. To, mutumin da ya loda wannan uban abinci ina ya ga gudu? Ko zaure ba su wuce ba Cosimo ya fito ya ci karo da su a gaban dodo. Dole suka tsaya ya ɗauke su hoto. Hoton yana nan a falonmu: dodo na hayaƙi, Mama na yaƙe, Baba riƙe da ciki.

Muka koma tebur. Mai wandon kabewa ya fara zagaya mu, yana tambaya ko mun gama ne ya sanar da bakin ƙofa. Duk sanda ya miƙo hannu zai ɗauke faranti, Baba ya dafe.

"Me ya rage ban ci ba?"

"Ranka ya daɗe, sai dai abincin yara."

"Kawo."

Aka kawo masa dankali mai siffar kan ɓera da alawa a tsinke. Baba ya saki bel, ya ɓalle maɓallin wando a ƙarƙashin tebur. Ya ɗauki cokali, ya kai rabin hanya, hannun ya tsaya. Na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma na san ba yaji ba ne. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in shaƙe yayana.

"Addolorata," ya ce a hankali, "na kai ƙarshe."

Mama ta ninke tsumman goge baki ta ajiye. "To, tashi mu je."

Muna fita kadan janwe ya tayar da inji. Baba ya shiga ya riƙe sitiyari, bai kalli kowa ba. Cosimo ya buɗe ƙofar baya zai zauna, sai ya ga Mama ta miƙa mini jakarta, ta naɗe hannun riga, ta matsa ta shiga tsakanin bango da mota. Wannan karon ba ta waiga dama ko hagu ba. Ta ɗora tafukanta a kan murfin inji, kowanne ya zauna daidai inda fentin ya goge.

Cosimo ya tsaya da ƙofa a hannu. Ya kalli hannayen, ya kalle ni. Na ɗauke kai ina karanta lambar motar wani.

"Kyanwa," ya ce. "Mata da miji."

Ya rufe ƙofar, ya cire agogonsa ya ba ni, ya je ya janye Mama gefe. Ya sa nasa hannayen a wurin, suka rufe shaidar tata har da saura. Turawa ɗaya ya yi, motar ta fito sumul. Mai sulke ya ɗaga takobi ya sara mana.

Baba ya sauke gilashi, ya zare mukulli ya miƙo.

"Ungo. Magana magana ce."

Cosimo ya daɗe yana kallon mukullin. Sannan ya tura hannun Baba ciki.

"In mun koma gida ka kawo ta gareji. Giyar ribas zan sa mata, ba sayarwa zan yi ba. Mukullinka naka ne. Amma Mama ta yi ritaya daga yau."

Na ɗauka Mama za ta rungume shi. Ina! Sai ta fizge jakarta daga hannuna ta maka masa a kafaɗa.

"Wa ya aike ka? Na kawo maka ƙara ne?"

"Haba Mama, a shekarunki kina tura mota?"

"Kai dai ba ka da hankali. Uban nan naka, in yana cin abinci faranti yake kallo, in yana tuƙi titi yake kallo, a coci ma rufi yake kallo. Sai in ina gaban gilashin nan ina turawa yake kallon fuskata, har da murmushi. Shi ne za ka zo ka gyara?"

Kunnuwan Baba suka yi ja. Ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofar gaba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya bi ta da ido har ta zauna ta gyara siket. Bai daina kallon ba sai da kadan janwe ya danna mana hon.