Kainuwar Bayan Gida

Takalmi ƙafa ɗaya Farida ta fara gani, ɗan ja na roba, kife a bakin kududdufin bayan gidansu. Ita ta saya wa 'yarta Nabila shi a kasuwar Dapaong. Ludayin da ta fito da shi daga madafa ya suɓuce mata.

"Nabila," ta kira.

Kududdufin bai yi kama da ruwa ba. Kainuwa ta rufe shi ruf, kore shar, kamar an shimfiɗa darduma. Babba ma sai ya duba sau biyu, balle 'yar shekara uku mai ƙafar yawo. Taku uku daga takalmin kuwa ga wani baƙin gurbi cikin ganyen, yana haɗewa a hankali.

Ta faɗa ruwan da zanenta. Kainuwa ba ta da gindi a ƙasa, saiwarta reto take cikin ruwa kamar tsefaffen gashi, kowace uwa riƙe da 'ya'yanta da siririyar igiya. Ta ture nan, can ya dawo. Tana laluben laka, duk abin da hannunta ya taɓa sai ta ɗauka Nabila ce. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Abin takaicin, ta san mafarin abin. Bara waccan, da za ta baro ganin gida a Sokodé, uwarta ta danƙara mata kainuwa a buhu don ta ƙona ta yi sabulu da tokar. Kai uku suka rage da ransu, ta jefa su nan, wai ta huta da dakon ganye a mota yini guda. Cikin damina biyu suka cinye ruwan. Da Hammajoda, tsohon makiyayin da ke shayar da shanunsa a wurin, ya zo yana mitar maraƙinsa ya zurma, ko a jikinta. "Kainuwa dashen Allah, Baba," ta ce masa, ta miƙa masa ruwan sha.

Yanzu ruwa ya kai mata ƙirji. Da wane baki za ta tari mijinta Issifou in ya dawo daga Cinkassé?

"Uwar Nabila."

Ta waiga. Hammajoda ne a gaɓa, jiƙe sharkaf har wuya, ga Nabila saɓe a kafaɗarsa tana tari.

"Yaronki ya hau ganye, yana tsammani ƙasa ne," ya ce da Hausarsa ta Fulani. "Na ciro shi, na bi ƙofar gaba ina nemanki."

Da rarrafe ta fito. Ta ƙanƙame yarinyar, ta kara kunne a ƙirjinta, ta daɗe tana sauraro. Sai a lokacin kukan ya zo.

Tsohon ya matse bakin rigarsa. "Yi haƙuri, 'yata. Ba laifin kowa. Dashen Allah ne, ke ma kin faɗa."

Farida ta dubi ruwan. Gurbin da ta buɗe har ya rufe, sai ka rantse ba wanda ya taɓa shiga.

"Riƙe mini ita, Baba."

Ta ɗaure zanenta tamau, ta koma ciki. Ta rungumo kainuwa cike da hannu biyu, ta watso kan busasshiyar ƙasa.

"Wannan kam," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "ni na dasa ta."