Mariƙin Sukudirebar Kawu

Ni na fasa mariƙin sukudirebar Kawu. Ba faɗuwa ya yi ba, ba kuma wani ya sa ni ba. Na ɗora shi a kan tsohon ƙarfen taya, na ba shi guduma sau biyu ya rabe, na jefa gutsattsarin cikin wutar shara. A lokacin gani nake alheri nake yi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya koya min aikin mota, shi ya kafa garejin da nake ciyar da iyalina da shi yau. Ya haura saba'in. Hannunsa ya daina kwance noti mai tauri, kunnensa kuma ya yi nauyi, in za ka yi masa magana sai ka tsaya gabansa ka ɗaga murya. Abu ɗaya ya rage masa, kuma duk layinmu ba mai irinsa. In inji na ƙara aka rasa daga ina take fitowa, shi ake kira.

Ga yadda yake yi. Zai ce a tayar da mota. Ya ɗauko sukudirebarsa, doguwa ce, ta kai tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsa, mariƙinta na katako ne da giris ya mayar baƙi. Sai ya yafa wani tsohon tawul mai kauri a kansa har kafaɗu, wai hayaniyar titi na damunsa, ya sunkuya cikin inji. Ba ka ganin komai sai bayansa da bakin ƙarfen yana tafiya, ya taɓa nan, ya tsaya, ya matsa can. Minti uku, huɗu. Ya ɗago ya faɗi ciwon. Ni shekara talatin ina wannan aiki, ina sa sukudireba a kunne kamar kowane bakanike, abin da nake ji guguwa ce kawai. Shi kuwa an taɓa kawo wata mota da mai kwamfuta ya yini a kanta bai ga komai ba. Kawu ya fito daga tawul ya ce, "Akwai ƙaramin noti da ya ɓalle yana yawo a ƙarƙashin murfin sama, ta gefen direba." Aka buɗe, ga noti kwance, bai kai ƙwayar wake ba. Mai kwamfuta ya naɗe wayoyinsa bai yi sallama da kowa ba.

Na sha tambayar kaina yadda mutumin da ba ya jin gaisuwa yake jin noti. Ban samu amsa ba, na bar shi a kan baiwa ce.

Babbar 'yar Kawu ma'aikaciyar jinya ce, ni Likita nake ce mata don tsokana. Ta daɗe tana so ya bar gareji ya zauna gida. Da ta matsa masa ya ce mata a gabana, "Ranar da inji ya yi magana ban ji ba, ki zo ki ɗauke ni, ba zan yi musu ba." Ta ce ta riƙe. Kuma ta riƙe ɗin. Duk tsakar rana in ta kawo masa abinci sai ta tambaye ni, "Yaya, yau ya ji ko bai ji ba?" In ce ya ji. Ta ce, "Kai dai ko ƙarya ce rufa masa za ka yi, kanku ɗaya." Kawu kuwa in ka raba shi da gareji ka gama da shi. Wannan kowa ya sani, har ita.

A layinmu kowa da abin hannunsa. Mai Walda na da wata 'yar guduma da ya ce ta san hannunsa, ko matarsa ba ta taɓa ta. Mai Faci na da ƙarfen cire taya da ya gada, ya lanƙwashe kamar ƙafar tsoho, amma ka ba shi sabo ya ajiye. Ni tawa sufana ce mai lamba goma sha biyu da sha uku, a aljihun wando take kwana. Doka ɗaya ce: ba a taɓa kayan aikin wani. Na san dokar. Ni nake koya wa mutane ita.

Sai Kawu ya yi mura ya kwanta kwana biyu. Ina share teburin kayan aiki na ga sukudirebarsa ta zamo daga cikin tawul. Ban taɓa riƙe ta na duba da kyau ba sai ranar. Mariƙin ya tsage daga gindi, an ɗaure da waya. Can ƙarshensa akwai rami biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sun yi zurfi sun yi santsi. Na ce ɓera ne. Na ce abin kunya ne mutumin da ake tahowa daga nesa dominsa yana aiki da abin da ɓera ya ci. Ina da mariƙin roba mai kauri, ja, mai laushi a hannu, na wata sukudireba da bakinta ya karye. Na fasa na katakon, na zura ƙarfen cikin robar, na zuba gam. Ta yi kyau kamar daga shago.

Mai Walda ya leƙo ya gani. Ya ce, "Ka tambaye shi?"

Na ce, "Kyauta ake tambaya?"

Ya ce, "To. In ya dawo ni ina bayan gida, kada a neme ni."

Kawu ya dawo ranar Laraba. Na miƙa masa da hannu biyu ina jiran godiya. Ya juya ta, ya murza robar da babban yatsa. Ya ce, "Ɗan Yaya, ina katakon?" Na ce na ƙona, ɓera ya gama da shi. Ya dube ni har na rasa inda zan sa idona. Sannan ya ce, "An gode," ya je ya zauna a bencinsa. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Kafin azahar wata doguwar bas ta shigo, irin mai ɗaukar fasinja zuwa nesa. Direban tsohon abokin cinikinmu ne. Ya ce tun jiya yake jin wata 'yar ƙara, kuma da la'asar zai yi lodi, mutum talatin da wani abu. Na saurara. Na ce daga sama ne, ƙaramin gyara, minti ashirin ya kama hanya. Mai Walda, da ba aikinsa ba ne, ya ce shi bututun hayaƙi yake zargi.

Direba ya ce, "Kai ka ce sama, wannan ya ce baya. Ni rayukan mutane zan ɗauka. A kira min Tsoho."

Daidai nan Likita ta shigo da kwanon abinci. Ta ajiye, ta harɗe hannu, ta tsaya kallo.

Kawu ya yafa tawul ya sunkuya. Bakin ƙarfe ya taɓa nan, ya taɓa can. Minti biyar. Minti goma. Bai taɓa kaiwa haka ba. Na ga ƙarfen ya koma inda ya fara, ya sake zagayowa, kamar mai lalube a ɗaki mai duhu. Da ya ɗago fuskarsa ta jiƙe da zufa.

Likita ta ce, a hankali, "Baba, ka ji?"

Kawu ya nufi teburi, ya ɗauki gudumata, ya ɗora sukudirebar a kan ƙarfen tayar nan dai, ya dinga bugu har robar ta yage ta fita. Ƙarfe tsirara ya rage a hannunsa. Ya koma, ya ja tawul kansa.

Hankalina bai kwanta ba. Na zagaya ta ɗaya gefen motar kamar zan duba ruwa, na sunkuya, na ɗaga gefen tawul kaɗan don in ce masa ya bari, laifina ne.

Ba a kunne yake sa ta ba. A baki take.

Haƙoran Kawu sun zube tuntuni, saura biyu da ke haɗuwa ta gefen dama, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Da su ya ciji gindin ƙarfen. Idonsa a rufe. Inji mai shan gas na rawa, rawar na bin ƙarfe tana shiga muƙamuƙinsa, har fatar kumatunsa na karkarwa. Nan take na gane ramukan nan biyu. Ba ɓera ba ne. Wurin zaman haƙoransa ne, shekara da shekaru suka sassaƙa shi. Katako na kai masa maganar inji ba tare da ya ji masa ciwo ba. Robar da na sa ta shanye maganar gaba ɗaya. Yanzu ba abin da ke tsakanin haƙori da ƙarfe.

Na buɗe baki na kira shi, Kawu, Kawu, dab da kunnensa. Ko gezau. Ashe ba nauyi kunnen ya yi ba, ya mutu ne ɗungurungum. Duk ɗaga muryar da muke yi a banza ne, leɓenmu yake karantawa.

Ban san abin da ya hana ni fizge shi ba. Na tsaya ina kallo kamar an dasa ni. Ya ɗora bakin ƙarfen a sama, inda na ce ciwon yake, bai yi daƙiƙa biyu ba ya ɗauke. Ya gangara gefen inji. Ya tsaya a wuri na farko, girarsa ba ta motsa ba. Na biyu, haka. Da ya kai na uku sai na ga fuskarsa ta sake, kamar wanda ya ji muryar ɗan'uwansa a cikin kasuwa. Ya ƙara danna ƙarfen, ya ƙara cije shi. Jini ya fara bin ƙarfen yana gangarowa, siriri, har ya ɗiga kan inji ya ƙone. Bai saki ba. Ya matsa na huɗu don ya tabbatar, ya dawo na uku. A nan na ji wani ɗan ƙas, ƙarami, kuma duk da ƙugin injin na ji shi.

Ya fito daga tawul, ya yi wa direba alama da hannu ya kashe. Ya tofa wani abu a tafinsa ya rufe. Maganarsa ta fito a lauye.

"Ba sama ba ne. Ƙasa ne, fistin na uku. Ƙarfen da yake juyawa a kai ya cinye. Ka ɗora mata kaya ka hau babban titi, ba za ta yi awa ɗaya ba injin zai fashe."

Direba ya ce, "Tsoho, ka tabbata? Ƙarar fa ba ta da yawa."

Kawu ya ce, "Ɗan Yaya, buɗe masa."

Na shiga ƙarƙashi, na zubar da mai, na kwance kaskon mai na ƙasan inji da sufanata. Fistin na farko lafiya, na biyu lafiya. Na uku na taɓa shi da yatsa ya yi motsi. Da na ciro ƙarfen ya zama kamar takarda, gefe ɗaya ya ƙone ya yi shuɗi, garinsa na ƙyalli a cikin mai. Na fito na miƙa wa direba. Ya jujjuya shi, ya zauna a ƙasa, cikin baƙin mai da komai, ya dafe kai. Mai Faci ya karɓa ya duba ya miƙa wa Mai Walda. Masu wucewa suka taru ana ba su suna gani.

Likita ba ta kalli ƙarfen ba. Ta riƙe haɓar mahaifinta ta ce, "Buɗe bakinka, Baba." Ya ƙi. Ta buɗe tafin hannunsa. Haƙorin sama ne, ya rabe biyu har saiwa.

Ya dube ta ya ce, "Na ji dai. Ki shaida na ji."

Ta ce, "Na shaida."

Washegari na je wurin kafinta da kaina, na zaɓi katako mai tauri, na tsaya a kansa ya fere mariƙi daidai da tsohon. Na kai wa Kawu gida, na durƙusa, na yi magana a hankali don ya ga bakina. Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe, amma hannuna ya cika ƙaiƙayi tun ina ƙarami. Ya karɓa, ya yaba aikin kafinta. Ya sa a baki, haƙorin ƙasa ya taɓa katako, sama ba abin da zai tare sai dasashi. Ya gwada a goshi, ya gwada a ƙashin bayan kunne. Ya ce ya sha gwada waɗannan tun da, guguwa kawai suke ba shi. Likita ta sa an yi masa haƙoran roba. Ya zo gareji da su sau ɗaya, ya shiga tawul, ya fito ya ce, "Roba roba ce."

Ya ninke tawul ɗin, ya naɗe sukudirebar a ciki, ya ajiye a kan teburina. Likita na bakin ƙofa tana jira. Bai yi musu ba.